Filashi yana ƙone mini hoton jan fata: amsa ga wani ɗan gidan dukawa

Wani matashi ɗan gidan dukawa a nan cikin garin Sakkwato ya turo mini tambaya tare da hotuna uku. Ga ta da bakinsa, na ɗan rage tsawonta:

"Kawu, barka da aiki. Kayan hwata nika saidawa ta Facebook da WhatsApp, alabe da gafaka da kube da takalma, aikin gidanmu. Na tara kuɗɗi na sayi Nikon D3200 ta hannu, da lensin da ta zo da shi, 18-55. In na matsa kusa don ɗumkin shi hito, sai in ɗaga filashin da ke bisa kanta, amma tsakiyar hoton ta yi hwari, ƙasa kuma baƙi kamar an kihe ƙwarya. In na kashe filashin kuma hoton shi yi dishi-dishi. Wani ya ce in sayi fitilar zobe irin ta masu kwalliya, wani ya ce sai lensin makro. Wanne zan hwara saye?"

Ɗana, barka kadai, Allah ya yi wa sana'ar gida albarka. Mayar da kuɗinka aljihu tukuna, domin a cikin biyun nan babu wanda zai warkar da abin da na gani a hotunanka. Fitilar zobe ƙara shafe maka ɗinkin za ta yi. Lensin makro kuwa, wanda ake ɗaukar ƙananan abubuwa da shi daga kusa, wannan farin ƙyallin zai nuna maka da girma, ka ba da kuɗi masu kauri ka sayo ɓacin rai. Ciwon yana jikin hasken, ta ina yake zuwa, kuma yaya girman bakin da yake fitowa. Na shiga wannan aiki tun ana wanke fim a ɗaki mai duhu, na kuma ƙone fim ba adadi kafin in gane haka, a lokacin da sai an wanke ake ganin ɓarna. Kai ka taki sa'a, allon bayan kamararka yana gaya maka gaskiya nan take.

Mu fara da farin nan na tsakiya. Filashin da ke kan D3200 an yi shi ne domin mutumin da ke tsaye taku uku ko huɗu daga gare ka. Littafin kamarar ma ya ce mafi kusancin da yake aiki daidai santimita 60 ne. Lensinka kuwa yana iya matsawa har santimita 28, kuma daga cikin kamara ake auna wannan, daga wurin da sansa take, wato ɗan allon da hoton ke faɗowa a kai, ba daga bakin gilashi ba. Ka ga ke nan kana aiki a ƙasa da rabin tazarar da aka yanka masa. Kowane filashi yana da lambar ƙarfi da ake rubutawa GN, naka 12 ne a ISO 100, ISO kuwa shi ne ma'aunin yadda kamara ke saurin jin haske. Lissafinsa ba wuya: raba lambar da tazara a mita, abin da ya fita shi ne ƙofar lensin da ta dace in filashin ya saki dukkan ƙarfinsa. A mita 3, f/4 ke nan, daidai wa daida. Lambar f ɗin nan in ta ƙaru, ƙofar tsukewa take yi. A santimita 30 kuwa f/40 za ka samu, alhali lensinka ba ya tsukewa ya wuce f/36. Kamarar tana ƙoƙarin rage wutar da kanta, wannan ne aikin TTL, inda take sakin ɗan haske ta auna kafin babban ya biyo baya. Sai dai ka bar ta a Auto, ta buɗe ƙofa zuwa f/5.6, ta ɗaga ISO, ta kuma dubi fata mai duhu ta zaci ɗakin ne ya yi duhu, sai ta ƙara wuta.

Amma ko ka daidaita wannan lissafin tsaf, tabon farin ba zai tafi ba, raguwa kawai zai yi. Dalili, hoton filashin ne kansa kake gani a jikin fatar. Fatar da aka goge aka shafa wa mai rabin madubi ce. Haske kuma yadda ya faɗo haka yake tashi: in ya zo a karkace ta hagu, a karkace zai fita ta dama, in ya zo kai tsaye daga inda kamara take, kai tsaye zai koma cikin lensi. Filashinka yana zaune 'yan santimita kaɗan sama da lensin, don haka duk abin da ya jefa wa fatar sai ta mayar masa a fuska.

Baƙin da ka ce kamar an kife ƙwarya kuwa inuwar lensinka ce. In ka zuƙo shi zuwa 55 yana tsawo, abin da kake ɗauka kuma bai fi taƙi ɗaya daga bakinsa ba, sai hancin lensin ya tare hasken kafin ya isa ƙasan hoton. In akwai hular lensi a jiki abin ya fi muni, cire ta.

To me zai hana a kashe filashin a huta? Ai ka gwada ka ga dishi-dishi, kuma abu biyu ne suka taru a kai. Na farko rawar hannu, wadda kusanci ke ƙara wa girma kamar yadda yake ƙara wa ɗinkin girma. Na biyu shi ne wanda sababbin shiga ba su cika sani ba: da zarar ka matso, kaurin wurin da zai fito raɗau yana sirancewa ƙwarai. A iyakar kusancin lensinka, inda abu mai faɗin santimita bakwai da rabi ke cika hoton, a f/5.6 abin da zai fito tar bai kai milimita 3 ba daga gaba zuwa baya. A f/11 ya kai kamar milimita 5. Kube kuma zagayayye ne, alabe yana da tudu da kwari. Dole ka tsuke ƙofa, kuma kowane mataki, daga 5.6 zuwa 8, daga 8 zuwa 11, rabin hasken yake yankewa. A cikin shago ko zaure babu hasken da zai ƙosar da f/11 kana riƙe da kamara a hannu. Shi ya sa filashi ya zama wajibi a aikin kusa. Yana ba ka haske mai yawa a cikin lokaci ƙanƙani, wanda hannu bai isa ya motsa a cikinsa ba. Da irin wannan gajeren haske ne Harold Edgerton na jami'ar MIT a Amurka ya tsayar da ɗigon madara yana fantsama kamar kambun sarauta, a hotonsa na 1957.

Yanzu ga abin da nake so ya zauna maka, don sauran duk rassansa ne. Tsaya a filin gidanku da tsakar rana a watan Afrilu ka dubi inuwarka: baƙa ƙirin, bakinta kamar an yanka da aska, goshin kowa yana ƙyalli. Sake dubawa ranar da hazo ya rufe gari a watan Janairu, ko ranar da hadari ya haɗu a Agusta. Inuwar ta yi laushi, wani lokaci ma da ƙyar za ka gan ta. Ranar da ke sama ɗaya ce. Abin da ya sauya, ran farko hasken daga ɗigo ɗaya yake zuwa, ran na biyu kuwa sararin sama gaba ɗaya ne ya zama fitila. Gilashin filashinka bai fi farcen babban yatsa ba, wato ranar Afrilu ce kake ɗora wa fata. Aikinka shi ne ka yi masa hazo, sannan ka kawar da shi daga saitin lensi.

Akwai hanyar da ba za ta ci maka ko sisi ba, kuma yau ɗin nan za ka iya gwada ta. Nemi farin soson nan mai laushi da ake naɗe talabijin ko kwamfuta da shi a cikin kwali, ko farar takarda mai ɗan kauri, girman littafin makaranta. Huda rami kusa da gefe ɗaya daidai kaurin lensin, zura lensin a ciki, sauran takardar ta miƙe sama ta ɗan rusuna gaba kamar rumfa a kan abin da kake ɗauka. Filashin zai bugi takardar daga baya, ita kuma ta zama fitilar. Farce ya koma faɗin tafin hannu biyu, kuma tunda takardar tana bakin lensi, inuwar hancin nan ta tafi. Sai ka shiga jerin saitin ɗauka, ka sauya filashin daga TTL zuwa M, wato saitin hannu, inda D3200 ke ba ka damar rage shi har zuwa 1/32. Da wannan dabarar na taɓa taimakon wasu ɗaliban aikin gona na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke son hoton ƙwarin da ke cin ganyen albasa a fadamar Kwalkwalawa. Su matsalarsu ta fi taka, don abin ɗaukarsu tafiya yake yi, iska kuma tana kaɗa ganyen. A waje akwai wani tarko: ranar Sakkwato a ISO 100 da shota 1/200, wato labulen kamara ya buɗe na kashi ɗaya cikin 200 na daƙiƙa, ita kaɗai ta isa ta cika hoto a f/11, sai ka samu hoto biyu a haɗe, na filashi mai kaifi da na rana mai rawa. Maganin da muka yi shi ne ɗaya ya riƙe malafa ya yi wa ganyen inuwa, filashi ya zama shi kaɗai ke magana.

Wannan takardar za ta kashe maka ƙuna da inuwa, amma hasken har yanzu daga gaba yake zuwa, kuma hasken gaba ba ya nuna aikin baduku. A nan ne zan ce ka fito da kuɗin. Sayi filashi na daban, mai aiki da hannu, irin Godox TT600 ko Yongnuo YN560. Ba ka bukatar mai TTL, don alabe ba ya gudu. Dukkansu batir huɗu ƙanana suke ci, ana rage ƙarfinsu daga cikakke har 1/128, kuma ba ruwansu da an kawo wuta ko an ɗauke. Kada ka ɗora shi a kan kamara. Ajiye shi gefe. Akwai hanya biyu ta tayar da shi daga nesa. Ta araha ita ce ɗan idon da ke gabansa, wanda in ya ga walƙiyar wani filashin sai shi ma ya tashi. In filashin kan kamara yana M, sa na gefen a S1. In yana TTL, sa shi a S2, domin ya ƙyale ɗan hasken awon nan na farko, in ba haka ba zai tashi kafin shota ta buɗe, ka yi ta mamakin yana walƙiya amma hoto baƙi. Sai ka kare filashin kan kamara da ɗan kwali ta gaba, haskensa ya fita ta gefe kawai. Hanya ta biyu, wadda na fi so, ita ce ƙaramin tiriga na rediyo da ake maƙalawa a kan kamara. Ka tabbata na kamfanin filashin ne kuma na Nikon.

Ina za ka ajiye shi? Tambayi duk wanda ya taɓa bin sawun dabbar da ta ɓace, zai gaya maka da hantsi ko da la'asar sakaliya ake ganin sawu a rairayi. Da tsakar rana hasken yana cika ramin sawun, ya baje da ƙasa. Ɗinki, da zanen da aka danna da ƙarfe, da 'yan ramukan gashin nan na fatar jar akuya, duk sawu ne. Waɗannan ramukan su ne shaidar fatarmu, wadda ayari ya riƙa haurawa da ita Sahara har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko, don ta can ta isa hannunsu. Mai saye a Legas ko Abuja ba zai iya shafawa ba, ba zai sansana ƙamshin jima ba, don haka in hotonka ya shafe su, bai da abin da zai raba alabenka da na roba. Saboda haka filashin ya zo daga gefe, ya ɗan koma baya, ƙasa-ƙasa. Ni nakan fara da shi a bayan kayan ta hagu, tsayinsa kamar digiri 30 daga tebur, sannan in riƙa ɗaga shi ko sauke shi. In ya yi ƙasa sosai kowane ƙurji da kowace ƙura za su yi inuwa, fatar ta yi kama da tsohuwa. In ya hau sama zanen ya ɓace. Kuma tunda filashi ba ya tsayawa ka gan shi, ga dabara: kashe fitilar ɗaki, kunna tocilan wayarka, riƙa zagaya kayan da shi kana leƙe ta kamara. Inda ɗinkin ya tashi, nan za ka dasa filashin.

Tsakanin filashin da kayan ka rataye farin ƙyalle ko takardar zane mai shara-shara, faɗin kamu ɗaya ko fi. Kuskuren da kowa ke yi shi ne ya naɗe ƙyallen a bakin filashin. Wannan rage ƙarfi kawai yake yi, bakin bai ƙara girma ba, inuwa tana nan da kaifinta. Ƙyallen ya matso kusa da kayan, kamar taƙi ɗaya, filashin kuma ya ja baya kamar rabin mita domin haskensa ya cika ƙyallen baki da baki. Akwai wani dalilin ja da bayan. Haske yana raunana da sauri fiye da yadda hankali ke zato: in ka ninka tazara biyu, kashi ɗaya cikin huɗu ne ke isa. Ɗauki gafaka da bakinta na kusa yake santimita 20 daga filashi, na nesa santimita 30. Na kusa zai sami haske fiye da ninki biyu na na nesa, gefe ɗaya ya ƙone ɗaya ya dushe. Mayar da filashin mita ɗaya, bambancin ya koma kamar kashi ɗaya cikin biyar, ido ma ba zai kula ba. Wannan doka ita ce kuma ke sa bayan hoto ya yi baƙi in bango yana da nisa, abin da za ka iya amfana da shi da gangan in kana son kube ya fito shi kaɗai a cikin duhu.

Ɗaya gefen, inda inuwa ta faɗa, ba ya bukatar filashi na biyu. Jingina farin kwali a can ya mayar da hasken. Matso da shi inuwa ta yi sauƙi, ja da shi ta yi zurfi. Kada ka kashe ta ɗungum, ita ce ke nuna kaurin kayan.

Wata 'yar magana kan ƙyallen, don ta taɓa cin mini yini guda. Na ɗauki farin yadi daga gida na rataya, na yi ta ɗaukar jajayen takalma suna fitowa kamar an zuba musu shuni. Na zargi kamara, na zargi filashi. Ashe da bula aka ɗauraye yadin. Idonmu yana ganinsa fari tas, kamara kuwa tana ganin shuɗin. Nemi sabon akoko da bai taɓa shiga wanki ba, ko takarda. Haka bangon shago in koren fenti ne ko ruwan ɗorawa, zai zuba wa kayan launinsa, sai ka kare shi da kwali.

Saitin kamara ba shi da yawa. Juya ta zuwa M. ISO 100, ka kashe wanda ke hawa da kansa. Ƙofa f/11. Za ka ji sha'awar tsukewa har f/22 don komai ya fito, kada ka biye mata, domin haske in ya bi ta rami ƙanƙani yana bazuwa, hoton gaba ɗaya ya yi laushi, kuma sansa mai megafiksel 24 irin taka ba ta ɓoye wannan. Tsakanin f/8 da f/13 ka yi zamanka, f/16 sai in dole. Shota 1/200, ko 1/160 in da tiriga kake aiki. Kada ka wuce 1/200: shotar labule biyu ce, sama da wannan saurin na biyu yana fara rufewa kafin na farko ya gama buɗewa, sai ka ga baƙin layi ya yanke gefen hoto. Kafin ka kunna filashi ɗauki hoto ɗaya haka nan. Ya kamata ya fito baƙi ƙirin ko kusa da haka. In ya yi, ka san ƙwan fitilar shago da hasken ƙofa ba za su sa maka baki ba, filashi ne kaɗai ke zana hoton. Daga nan fara da ƙarfi 1/8, duba, ƙara ko rage. Shota ba ta da tasiri a kan hasken filashi muddin kana ƙasa da iyakar nan. Ƙarfi, da tazara, da ƙofa, da ISO su ne masu iko. Ƙaramin ƙarfi yana da wata riba: filashi irin wannan ba dushe haske yake yi ba, gajarta shi yake yi. TT600 yana kai wa 1/300 na daƙiƙa a cikakken ƙarfi, ya sauko har 1/20000 a mafi ƙanƙanta. Wannan ne ainihin saurin hotonka, ba 1/200 ba.

Fokas kuma ka karɓe shi daga hannun kamara. Tura maɓallin jikin lensi zuwa M, kunna allon baya, zuƙo hoton, ka saita a kan zaren ɗinkin. In kayan shimfiɗaɗɗe ne, fuskar kamara ta yi daidai da fuskarsa, kada ta karkace, don milimita biyar ɗin nan su ishe ka daga gefe zuwa gefe.

Sai ja. Wannan ya shafe ka fiye da kowa, don jan karan dafi shi ne tambarin kayanku. Sansa tana auna ja da kore da shuɗi daban-daban, kuma a kan jar fata ja ne ke fara cika ya tumbatsa alhali sauran biyun ba su kai ko rabi ba. Hoton a dunƙule ba zai yi kama da wanda ya ƙone ba, amma jan zai koma ruwan lemo ko ruwan hoda, ya zama shafaffe ba ƙwaya. Nan ne mai saye zai karɓi kaya ya bugo waya ya ce ba wannan launin ya gani ba. A cikin saitin duba hoto akwai jadawalin launuka uku, kunna shi, ka sa ido kan na ja. In ya je ya manne da bangon dama, rage filashi, ko da hoton ya ɗan yi maka duhu a allo. Ma'aunin fari kuma, wato saitin da ke daidaita launin haske, ka cire shi daga Auto, don in ja ya cika hoto kamara takan yi ƙoƙarin "gyara" shi. Sa shi a alamar walƙiya, hasken filashi dama kusa yake da na rana, wajen 5500 a ma'aunin Kelvin. In za ka iya, ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kamara ba ta sarrafa ba.

Mu koma kan fitilar zoben da aka ba ka shawara. Iri biyu ne mutane ke haɗawa. Ta masu kwalliya fitilar LED ce mai ci gaba da ci, ba filashi ba ce, ba ta tsayar da motsi, ƙarfinta kuma bai kai ko kusa ba. Akwai kuma filashin zobe na gaske da ake ɗaurawa a bakin lensi, wanda Lester Dine ya ƙirƙira a Amurka a 1952 domin likitocin haƙori. Duba dalilin ƙirƙirarsa ka ga amsarka: cikin baki rami ne, ana son haske ya shiga ta inda lensi ke kallo, ba tare da inuwa ba. Ga likita wannan alheri ne. Ga mai son ɗinki ya tashi, tsakar rana ce a kan sawu, ga kuma farin zobe da zai zauna a jikin duk abin da ke sheƙi. Masu filashi biyu ƙanana a gefen lensi, irin R1C1 na Nikon ko MF12 na Godox, sun fi dacewa da masu bin ƙwari a daji, kuma kuɗinsu ba na mai farawa ba ne. In kana da fitilar kwalliyar a gida kada ka yar, ajiye ta gefe bayan ƙyalle ka yi bidiyo da ita. Filashin waya ma LED ne, manne da lensi, ƙarami kamar ƙwayar gero. In da waya za ka ɗauka, kashe shi ka matsa bakin ƙofa.

Wasu kayanku suna da ƙarfe, zobba ko kan ɗamara ko adon azurfa a bakin kube. Ƙarfe mai sheƙi cikakken madubi ne, ba a haska shi, abin da ke kewaye da shi yake nunawa. In ɗakin duhu ne zai fito baƙi da ɗigon fari ɗaya. Kewaye shi da fari: yanke gindin farin bokitin roba, kife shi a kan kayan, leƙa ta sama, filashi ya bugi bokitin daga waje. In ya yi fari da yawa har ya rasa siffa, manna siririn baƙin kwali a ciki, zai ba shi layin duhu da ido ke gane ƙarfe da shi. Ka kuma lura da rigarka, na sha ganin mai hoto da jar hularsa a jikin zobe.

Lensin makro zai zo, amma daga baya, ranar da santimita bakwai da rabi suka yi maka faɗi. Kafin nan akwai zobban ƙarin tsawo da ake sawa tsakanin kamara da lensi, ka nemi masu ƙarfen sadarwa a jiki, don lensinka ba shi da zoben ƙofa na hannu. Akwai kuma gilashin Raynox DCR-250 da ake maƙalawa a gaba. In ka tashi sayen makro na gaske, ka fifita mai tsawo, milimita 90 ko 105, a kan 40. Duka suna kai wa girman ɗaya-da-ɗaya, wato abu ya faɗo kan sansa daidai girmansa, amma na 40 sai ka kusan taɓa kayan da bakin gilashi, babu ta inda haske zai shiga. Ka kuma sani a wannan girman lensi yana cinye mataki biyu na haske, kaurin abin da ke fitowa tar kuma bai kai milimita ɗaya ba a f/8. Wanda bai iya haske ba, makro wahala zai ƙara masa.

Garinmu yana da nasa sharuɗɗan. Batir na caji ka saya, NiMH irin Eneloop, jeri biyu. Na rediyo masu araha ba sa iya ciyar da filashi, za ka yi ta jira tsakanin hoto da hoto. In ka gama aiki cire su, zafin bazara da ke haura digiri 40 yana sa batir ya yi yoyo ya ci ƙarfen ciki. Kada ka bar jakar a rana ko a cikin mota a rufe, in kuma kabu-kabu za ka hau, rungume ta a gaba. Godox da kansu sun ce bayan bugu 30 a jere a cikakken ƙarfi a bar filashi ya huta minti 10, ni a watan Afrilu ba na bari ya kai haka, kodayake a 1/8 da wuya ka ji ya yi ɗumi. Da hunturu kuwa ƙura ce abokiyar gaba ta fuska biyu: hasken gefe yana nuna kowace ƙwaya a kan fata, tsukakkiyar ƙofa kuma tana nuna wadda ta shiga kan sansa. Goge kayan da burushi mai laushi daf da za ka danna, kuma kada ka cire lensi a tsakar gida. In wani ya ba ka tsohon filashi na zamanin fim, kada ka ɗora shi kan kamara sai an auna, wasunsu suna sakin fiye da bolt 200 ta ƙafarsu. Kuma ko da wasa kada ka kwance filashi don gyara. Akwai tulun wuta a ciki da ke riƙe wajen bolt 300 ko bayan an cire batir. Na taɓa sa sukundireba a cikin wani ina saurayi, hannuna bai dawo daidai ba sai bayan azahar.

Ga aikin da zan ba ka kafin ka sake rubuto mini. Ɗauki alaben nan mai baƙin ɗinki da ke hoto na biyu, ajiye shi a kan baƙin ƙyalle, kafa kamara a wuri ɗaya, kada ka taɓa saitinta. Yi hoto shida, filashin kaɗai za ka riƙa matsarwa: gaba, gefe, baya, kowanne sau ɗaya a sama sau ɗaya a ƙasa. In filashin bai samu ba tukuna, yi da tocila bayan takarda, kamara a kan tebur, ka bar shota ta daɗe. Kai wa mahaifinka su shidan ba tare da ka ce komai ba, ka tambaye shi a wanne ya ga hannunsa. Sannan ka turo mini wanda ya zaɓa, da ƙarfin da ka sa filashin da tazararsa.